Anton Schwarzkopf, maƙerin Jamus da jiragen lilonsa suka fi kamfaninsa tsawon rai

A ƙarshen watan Fabrairun 2025 aka sa nakiya aka rushe Kingda Ka, jirgin lilon da ya fi kowanne tsayi a duniya a zamaninsa, a jihar New Jersey ta Amurka. Tsayinsa mita 139 ne, gudunsa ya kai kilomita 206 a sa'a guda, amma bai cika shekara ashirin yana aiki ba. A ɗaya gefen ƙasar kuwa, a Kalifoniya, wani jirgin lilo da bai kai rubu'in wancan tsayi ba yana nan yana ɗaukar fasinja tun 1976. Sunansa Revolution, kuma a wani ƙaramin gari na kudancin Jamus aka ƙera shi.

Jirgin lilo, wanda Turawa ke kira rola-kosta, ƙaramin jirgin ƙasa ne na filin wasa. Akan ja taragai zuwa ƙololuwar wani tudu, a sake su, nauyinsu ya gangaro da su, su bi dogo mai hawa da sauka da kwana-kwana har su dawo inda suka tashi. Masu sha'awar wannan harka sun shafe shekaru suna ɗokin Falcons Flight, wanda kamfanin Intamin ya ƙera wa filin wasan Qiddiya kusa da Riyad a Saudiyya, aka tsara masa gudun kilomita 250 a sa'a da dogon da ya haura kilomita huɗu. Duk lokacin da aka kafa harsashin wani sabo irin wannan, tsohon musu yakan taso kan wanne ne ya fi a cikin jiragen lilo na ƙarfe. Kuma da wuya a gama musun ba a ambaci Anton Schwarzkopf ba, mutumin da ya rasu tun 2001, wanda bai taɓa gina abin da ya kusanci waɗancan alƙaluma ba.

An haife shi ranar 8 ga Yuli, 1924, a ƙauyen Behlingen da ke jihar Bavariya. Mahaifinsa, wanda shi ma Anton ne sunansa, maƙerin amalanke ne da keken doki. Sana'ar gidan ta bunƙasa a garin Münsterhausen da ke kusa, inda suka shahara wajen ƙera tireloli da ɗakunan kwana masu taya ga masu wasan yawo. A wannan maƙera yaron ya koyi aiki, da hannu da ido, kuma a nan ya san mutanen da za su zama abokan cinikinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Su waye waɗannan mutane? A Jamus akwai tsohuwar al'adar bukukuwan gari da ake ci shekara-shekara, irin su Oktoberfest na Munich da bikin Dom na Hamburg. Kayan wasan da ake kafawa a waɗannan filaye mallakar wasu iyalai ne da suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Sukan kafa kayansu a wannan gari na mako biyu ko uku, su kwance, su loda a mota, su nufi na gaba. Bukatarsu ta bambanta da ta mai filin wasa na dindindin a Amurka, wanda zai haƙa rami ya zuba kankare ya kafa ginshiƙi sau ɗaya tak. Mai wasan yawo yana son abin da za a haɗa cikin 'yan kwanaki, ya zauna daram a kan fili ba tare da harsashi ba, ya shiga bayan mota idan an kwance shi, sa'an nan ya kwashi fasinja da yawa cikin sa'a guda, domin ranakun biki ƙidayayyu ne kuma kuɗin fili ba ya jira. Kusan duk abin da daga baya aka yaba a aikin Schwarzkopf, daga wannan matsi ya samo asali.

A 1954 kamfanin ya fara karkata ga ƙera kayan wasan kansu. A 1957 ya fito da Düsenspirale, wanda aka yi wa Gottlieb Löffelhardt, mai wasan yawon da daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa filin Phantasialand. Anton ya karɓi ragamar kamfanin a 1960, kuma a 1964 ya gama jirgin lilonsa na farko na ƙarfe zalla, ƙirar da aka sani da Wildcat.

Ba shi ya fara amfani da ƙarfe ba. Tun 1959 kamfanin Arrow na Amurka ya gina Matterhorn Bobsleds a Disneyland da dogo na bututun ƙarfe. Kafin nan katako ne ke mulki, kuma katako yana da iyaka: yana girgiza, yana bukatar kafinta kullum, ba ya kuma lanƙwasuwa yadda ake so. Bututun ƙarfe kuwa ana iya murɗa shi ta kowace fuska, tayoyin tarago su kama shi ta sama da gefe da ƙasa, ta yadda ko an kifar da taragon ba zai rabu da dogo ba. Ƙofa ta buɗe ke nan. Abin da ya rage shi ne sanin iyakar abin da jikin ɗan Adam zai iya ɗauka idan aka bi ta cikinta.

A nan wani mutum na biyu ya shigo labarin. A 1963 Schwarzkopf ya fara aiki da wani matashin injiniya mai suna Werner Stengel, wanda ya buɗe ofishinsa a Munich bayan shekara biyu. Haɗuwar tasu tana da nasaba da dokar ƙasa. A Jamus, duk ginin da ake kafawa ana kwancewa yana ƙarƙashin wani rukuni na dokar gine-gine da sunansa ke nufin gine-gine masu tashi. Sai an gabatar da lissafin ƙarfinsa an tantance kafin a ba da izini, kowane yana da littafin bincike da ke bin sa duk inda ya je, kuma duk garin da aka sake kafa shi sai jami'ai sun duba kafin fasinja ya hau. Hukumomin gwaji irin su TÜV ba sa karɓar rantsuwar maƙeri cewa abu zai riƙe. Lamba suke so a kan takarda. Schwarzkopf yana da ido da ƙarfin hali da sanin halin ƙarfe. Stengel yana da lissafi. Shekaru kusan talatin suka yi a haka, kuma adalci ne a ce yawancin abin da ake jingina wa ɗayansu na su biyun ne.

Babban aikinsu shi ne ƙawanya a tsaye, wato dogon da ke tashi sama ya kifar da fasinja kansa a ƙasa, ya zagayo ya sauko. Tunanin ba sabo ba ne. An gwada shi a Faransa da Ingila tun shekarun 1840, kuma a 1895 an buɗe Flip Flap Railway a Coney Island da ke New York. Wannan ya yi suna wajen jikkata wuyan fasinjoji. Wanda ya biyo bayansa a 1901 ya gyara siffar ƙawanyar, amma mutane kaɗan yake ɗauka, bai biya kuɗinsa ba, aka rufe shi. Daga nan aka jingine batun fiye da shekara sittin.

Matsalar tana cikin da'irar kanta. Idan ƙawanya cikakkiyar da'ira ce, dole tarago ya shige ta da gudu mai yawa domin ya samu ragowar ƙarfin da zai wuce ƙololuwa. Lissafi ya nuna cewa mafi ƙarancin gudun da zai isa yana sa fasinja ya ji nauyin jikinsa ya ninka sau shida a gindin ƙawanyar, kuma nauyin ba a hankali yake zuwa ba. A daƙiƙar da tarago ya bar miƙaƙƙen dogo ya faɗa da'ira, gaba ɗaya yake sauka a kan wuya da ƙashin baya. Stengel ya ɗauko maganin daga injiniyoyin titi da layin dogo, waɗanda suka daɗe suna amfani da wata lanƙwasa da ake kira kulotoyid. Ita ce kwanar da ke farawa a buɗe tana ƙara tsukewa sannu a hankali, irin wadda ke sa direba ya riƙa murɗa sitiyari kaɗan-kaɗan a babbar kwana mai kyakkyawan tsari, maimakon ya fizge shi lokaci guda. Da aka tayar da wannan lanƙwasa tsaye, sai ƙawanya ta koma kamar ɗigon ruwa da aka juya: faffaɗa a ƙasa inda gudu ya yi yawa, matsattsiya a sama inda gudu ya ragu. Nauyin ya sauko zuwa abin da jiki zai jure, ya kuma riƙa zuwa a jere. Stengel ya zana, Schwarzkopf ya lanƙwasa ƙarfen ya gwada a harabar masana'antarsa.

An buɗe Revolution ranar 8 ga Mayu, 1976, a filin Magic Mountain da ke arewa da Los Angeles, a shekarar da Amurka ke bikin cika shekara 200 da samun 'yanci. Intamin, wanda a lokacin kamfanin Suwizalan ne mai dillancin kayan Schwarzkopf a Amurka, shi ya haɗa cinikin. Mako guda bayan haka Arrow ya buɗe nasa mai ƙawanya a tsaye a Cedar Point da ke jihar Ohio. Arrow ya riga kowa kifar da fasinja a wannan zamani, da Corkscrew na 1975 mai murɗewa kamar zaren noti, amma a ƙawanya a tsaye kwana bakwai suka ba Bajamushen matsayin na farko.

Kwatanta aikin kamfanonin biyu ya fi wannan tsere ma'ana. Arrow yana ɗaure fasinja da wani ƙangi mai saukowa ta kafaɗa, ya tokare kunnuwa dama da hagu, kuma jiragensa sun yi suna wajen fizga a mahaɗar kwana da kwana, har kai ya riƙa bugun ƙangin. Schwarzkopf sandar cinya kawai ya sa. Hujjarsa a fili take: a cikin ƙawanya mai kyakkyawan lissafi, ƙarfin juyawa manna mutum yake yi a kujera, ba fitar da shi yake yi ba. Revolution kuma ba ya gaggawa. Yana bin gangaren tudu, ya ratsa bishiyoyi, ya yi kwana da yawa, sai can tsakiyar tafiya ya miƙe a wata doguwar gangara da ke nuna wa fasinja ƙawanyar tun daga nesa. Wannan jan rai shi ne rabin daɗin. A 1992 masu filin suka ƙara masa ƙangin kafaɗa, masu hawa suka yi ta kukan ciwon kai da wuya fiye da shekara ashirin, har aka cire shi a gyaran 2016.

Shekarun da suka biyo baya su ne ganiyarsa. Ya ƙera Shock Wave a Teksas da Mind Bender a Jojiya, duka a 1978. Ya kuma fito da wata ƙira ta daban da ba ta bukatar tudun farko: a harba jirgi daga tasha, ya bi ƙawanya, ya hau wani tsayayyen dogo har ƙarfinsa ya ƙare, ya dawo da baya ta cikin ƙawanyar. A na farko, King Kobra na 1977, wani ƙaton nauyi ake saki daga hasumiya ya fizgi igiya. A Montezooma's Revenge na 1978, wani faifan ƙarfe mai nauyin tan bakwai da wani abu ake juyawa har ya tara ƙarfi, sa'an nan a haɗa shi da igiyar, jirgi ya tashi daga tsaye cik zuwa kusan kilomita 90 a sa'a cikin ƙasa da daƙiƙa biyar. Harbawar da Kingda Ka da Formula Rossa na Abu Dhabi suka yi suna da ita jikar wannan ce, ko da yake injinan sun sauya.

Sai dai gwanintar maƙera daban, riƙon littafin kuɗi daban. Kamfanin ya girma da sauri, yana ƙera jiragen lilo da manyan lilo masu juyawa da jiragen dogo ɗaya, kuma sabbin ƙire-ƙire suna cin kuɗi tun kafin a sayar da ko ɗaya. Irin wannan sana'a tana rayuwa ne a kan 'yan manyan kwangiloli, idan biyu suka suɓuce a shekara guda sai albashi ya gagara. A ƙarshen 1983 kamfanin ya karye. A lokacin yana tsakiyar aikin wani jirgi mai rataye a ƙarƙashin dogo da filin Busch Gardens na jihar Virginia ya ba shi. Abokin hamayyarsa Arrow ne ya ƙarasa aikin, aka buɗe shi a 1984 da sunan Big Bad Wolf. An yi yunƙurin tayar da kamfanin, ya sake faɗuwa.

A cikin wannan ruɗani aka ƙera tagwayen da suka fi komai ɓata masa suna. Na farko shi ne Dreier Looping, mai ƙawanya uku, wanda aka yi wa mai wasan yawo Rudolf Barth a 1984. Na biyu shi ne Mindbender, kusan ƙira ɗaya da aka juya dama ta koma hagu, aka kafa a cikin babbar kasuwar West Edmonton Mall ta Kanada a ƙarshen 1985. Da yammacin 14 ga Yuni, 1986, notunan da ke riƙe tayoyin taragon ƙarshe na Mindbender suka kwance. Taragon ya sauka daga dogo yana jan ƙasa, sandunan cinya suka buɗe, jirgin ya kasa wuce ƙawanya ta uku, ya dawo da baya ya daki ginshiƙin kankare. Mutum uku suka mutu, na huɗu ya samu munanan raunuka. Kwamitin binciken da lardin Alberta ya kafa ya ɗora laifi a kan kurakuran tsari da ƙira, a daidai lokacin da kamfanin da za a tuhuma ya riga ya durƙushe, ko da yake an yi ta ja-in-ja kan irin kulawar da jirgin ke samu. Duk mai yabon sandar cinya ya kamata ya tuna da wannan dare, domin lissafin da ke manna fasinja a kujera yana aiki ne muddin tarago na kan dogo. An sake fasalin taragan, aka ƙara tayoyi da ƙangi, aka buɗe jirgin a farkon 1987. Ya yi aiki fiye da shekara talatin bayan haka, kafin a sanar da rufe shi a Janairun 2023.

Ɗan'uwansa kuwa ya yi shekaru yana zaga bukukuwan Jamus ƙarƙashin littafin bincike da idon jami'ai. Daga baya aka sayar da shi, ya je Maleshiya, ya je Ingila, ya ƙare a wani filin wasa na Chapultepec a birnin Meziko da sunan Quimera. Ranar 28 ga Satumba, 2019, taragonsa na ƙarshe ya sauka daga dogo, mutum biyu suka mutu. Wannan karon masu bincike rashin kulawa suka gano, hukumomin birnin suka soke lasisin filin. Ƙarfen da ya jure kafawa da kwancewa sau da dama a shekara a hannun iyalin Barth, shi ne ya yi kisa a inda yake zaune wuri ɗaya. Abin mamaki, ko a nan labarinsa bai ƙare ba. Wani filin wasa a jihar Indiana ya saye shi, ya gyara, ya sake buɗe shi a 2024.

Bayan rasa kamfaninsa Schwarzkopf ya koma mai tsarawa, wasu masana'antu irin su Zierer da BHS suna ƙerawa. Biyu daga cikin mafi kyawun ayyukansa a wannan lokaci suka fito. Lisebergbanan, wanda aka buɗe a 1987 a birnin Gothenburg na Suwidin, ba shi da ƙawanya ko ɗaya. Yana kwance ne a jikin tsauni, yana nitsewa yana ɓullowa tsakanin duwatsu da bishiyoyi, kuma ana yawan cewa shi ne ya fi so a duk abin da ya yi. Ɗayan shi ne Olympia Looping, wanda Rudolf Barth ya sake ba da aikinsa, aka fara kafa shi a Oktoberfest na 1989. Ƙawanya biyar gare shi, an jera su an yi musu launi kamar zoben gasar Olamfik, dogonsa mita 1,250, nauyinsa kimanin tan 900, kuma shi ne jirgin lilo mafi girma da ake kwancewa a loda a mota. Ba shi da harsashi. A kan shimfiɗar ƙarfe yake zaune, irin dabarar da ɗan maƙerin tirela ya taso yana gani. Idan ya je bikin hunturu na Hyde Park a Landan, Munich Looping ake kiransa, saboda dokar da ta kare sunan Olamfik.

Ya yi ritaya a 1995. Ya yi fama da cutar Parkinson mai sa karkarwar jiki na tsawon shekaru, ya rasu ranar 30 ga Yuli, 2001, yana da shekara 77.

Shekara guda bayan rasuwarsa, filin Six Flags Great America da ke kusa da Chicago ya shirya cire Whizzer, wani tsohon jirginsa na 1976 marar ƙawanya da yara ke hawa tare da iyayensu, domin a samu filin kafa sabo. Jama'a suka yi ca a kan hukumar filin. A ƙarshe aka bar Whizzer, aka rushe Shockwave na kamfanin Arrow, mai kifar da fasinja sau bakwai, wanda aka buɗe a 1988. Shi kuwa Montezooma's Revenge an rufe shi a 2022 domin a sake gina shi da sabuwar hanyar harbawa, aikin ya wuce lokacin da aka fara ɗiba masa, masoyansa suka yi ta leƙen shingen gini suna ƙirga ƙarafan da aka mayar.

Ofishin da Stengel ya kafa ya ci gaba da lissafin manyan jiragen zamani, har da Kingda Ka. A Münsterhausen kuma wuta ba ta mutu a maƙerar ba. Hubert Gerstlauer, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Schwarzkopf kafin ya kafa nasa kamfanin a 1982, ya karɓi tsohuwar harabar a 1992, kuma har yau daga wannan gari ake loda dogon jirgin lilo zuwa ƙasashen duniya.